Tukuicin Direba Ta Wayar Salula: Wa Zai Ci Moriyarsa?

Duk ɗan kasuwar da ya je sarin kaya Legas, Akra, Lome ko Abijan a 'yan shekarun nan ya ga yadda shiga mota ta sake salo. A da sai mutum ya tsaya bakin titi ya ɗaga hannu, mai tasi ya tsaya, ya yanka kuɗi, fasinja ya taya, a yi ta ja har a daidaita. Yanzu kuwa yaron da ya rako ka zai zaro wayar salula ya latsa sau biyu ko uku, kafin ka gama gyara kayanka mota ta iso, an kuma riga an rubuta abin da za ka biya a fuskar wayar. Kamfanonin da ke wannan harka sun yi yawa. Uber ya shigo Legas a 2014, ya isa Akra a 2016. Bolt, wanda a da ake kira Taxify, ya fara aiki a Legas a 2016. Yango ya sauka Abijan a 2018, shekarar da Gozem ya fara haɗa fasinja da masu babur a Lome. Ga kuma inDrive, wanda ya bar wa fasinja da direba damar yin ciniki a cikin wayar.

Tambayar da muke son mu duba a yau ƙarama ce a ido, amma ta shafi aljihun mutane da yawa. Shin ya kamata waɗannan manhajoji su buɗe wani gurbi da fasinja zai latsa bayan ya sauka, ya ƙara wa direba wani abu a kan kuɗin mota? Wato tukuici, amma ta waya. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Mu ne fasinjojin da za a nuna wa wannan gurbi duk lokacin da muka je fatauci. Sannan a cikin masu tuƙa motoci da babura a waɗancan birane akwai ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka tafi cin rani, waɗanda abin da suka samu a rana shi ne ake aikowa gida a yi cefane.

Kafin mu faɗi matsayinmu, yana da kyau mu leƙa Amurka, domin a can aka fara wannan gardama, a can kuma aka gwada abin har aka ga sakamakonsa a rubuce.

An kafa kamfanin Uber a birnin San Francisco a 2009, kuma shekara da shekaru shugabansa na lokacin, Travis Kalanick, ya ƙi yarda a sa gurbin tukuici a manhajar. Abin da kamfanin ke tallatawa shi ne sauƙi: ka shiga, ka sauka, ka yi tafiyarka, ba laluben aljihu. Abokin hamayyarsa Lyft kuwa tun farkonsa ya bar wa fasinja wannan dama. Direbobin Uber suka yi ta kuka, domin a Amurka tukuici al'ada ce mai ƙarfi, mai tasi na gargajiya yana samunsa kusan a kowace tafiya, su kuwa fasinjojinsu da yawa sun ɗauka an riga an haɗa shi cikin kuɗin mota. A 2016 kamfanin ya fito ya kare kansa da hujja biyu. Ya ce mutane ba sa ba da tukuici bisa kyawun aiki kaɗai, son zuciya da wariya kan shiga ciki. Ya kuma ce idan aka buɗe wannan ƙofa, direbobi za su tare a unguwannin masu hali, su bar na talakawa ba mota.

Hujjojin ba na banza ba ne, sai dai matsin lamba ya fi ƙarfinsu. A birnin New York ƙungiyar direbobi ta kai ƙorafi ga hukumar kula da motocin haya, kuma a watan Afrilun 2017 hukumar ta bayyana niyyarta ta tilasta wa duk kamfanin da ke karɓar kuɗi ta katin banki ya buɗe gurbin tukuici. Ranar 20 ga watan Yunin 2017 Uber ya miƙa wuya, ya fara da biranen Seattle, Minneapolis da Houston, daga baya ya bazu ko'ina a ƙasar. A wannan makon ne kuma masu hannun jari suka tilasta wa Kalanick sauka daga kujerarsa saboda wasu rigingimun da suka dabaibaye kamfanin. Bayan shekara guda kamfanin ya sanar cewa direbobinsa sun samu tukuicin da ya kai dalar Amurka miliyan 600.

Wannan adadi yana da daɗin ji, amma ɗan kasuwa ba ya yarda da jimla sai ya raba ta bisa yawan kaya. Wasu masana tattalin arziki su huɗu, cikinsu har da John List na Jami'ar Chicago wanda ya taɓa zama babban masanin tattalin arzikin Uber, sun bi diddigin tafiye-tafiye fiye da miliyan 40 da aka yi a 2017, suka fitar da sakamakon a 2019. Sun gano cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na tafiye-tafiyen ne kawai aka ba da tukuici. Kusan kashi 60 cikin 100 na fasinjoji ba su taɓa bayarwa ba ko sau ɗaya, waɗanda ke bayarwa kullum kuwa kashi 1 ne tak. Wanda ya bayar yakan ba da wajen dalar Amurka 3, amma idan aka raba a kan dukkan tafiye-tafiye, abin da ke zuwa wa direba a kowace tafiya rabin dalar Amurka ne. Sun kuma ga cewa halin fasinja ya fi ƙwazon direba tasiri a kan ko za a bayar ko ba za a bayar ba. Wato mai kyauta mai kyauta ne ko wa ya ɗauko shi, marowaci ma haka. Wannan fa a ƙasar da aka san mutanenta da ba da tukuici ke nan.

Akwai wani abin lura da ya fi wannan. A littafin da ya wallafa a 2022, List ya bayyana cewa da aka buɗe gurbin ga kowa da kowa, sai direbobi suka ƙara fitowa titi suna kuma daɗewa a kan aiki saboda kwaɗayin ƙarin. Motoci suka yi yawa, kowane direba ya koma yana daɗewa kafin ya samu fasinja, daga ƙarshe abin da yake samu a awa guda bai wani motsa ba. Mu da ke kasuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Ranar da labari ya bazu cewa albasa ta yi kuɗi a Illela, kasuwa mai zuwa kowa zai loda albasa ya nufi can, farashi ya faɗi, wanda ya zo da buhu 50 ya koma yana neman na mota.

Darasi na biyu daga Amurka ya fi ɗaci, ko da yake ya fito ne daga kamfanonin kai saƙo, 'yan'uwan na ɗaukar fasinja. Kamfanin DoorDash, mai kai wa mutane abinci gida, ya yi amfani da wani tsari daga 2017 zuwa 2019. Yakan yi wa ɗan aike alkawarin wani adadi a kan kowane saƙo. Idan mai saye ya ƙara tukuici, sai kamfanin ya rage nasa kason daidai da abin da aka bayar. Wani ɗan jaridar New York Times ya shiga aikin da kansa a 2019 don ya gani da idonsa. A wani saƙo an yi masa alkawarin dalar Amurka 6.85, matar da ya kai wa abincin ta ƙara masa dala 3, amma abin da ya shiga hannunsa bai wuce 6.85 ɗin nan ba. Ashe kyautar matar aljihun kamfani ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da asiri ya tonu kamfanin ya canza tsarin, ya biya dalar Amurka miliyan 2.5 a birnin Washington a 2020, sannan a watan Fabrairun 2025 ya amince ya biya miliyan 16.75 a jihar New York. Haka nan a 2021 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin Amazon ya biya dalar Amurka miliyan 61.7, tukuicin direbobinsa masu kai kaya da ya riƙe tsakanin 2016 da 2019.

Idan aka yi haka a ƙasar da ke da hukumomi masu bincike da lauyoyi masu bin kadin ƙaramin ma'aikaci, to mai karatu ya auna abin da zai iya faruwa a inda direba ba shi da wurin kai kuka sai ofishin kamfanin da ya ɗauke shi.

Yanzu mu dawo gida. Bahaushe bai rasa sunan kowane kuɗi da ke fita daga hannu zuwa hannu ba, kuma wannan rarrabewa ita ce mabuɗin maganar. Akwai kuɗin kaya, wanda aka yi ciniki a kansa aka sallama. Akwai lada, haƙƙin wanda ya yi maka aiki, kamar ɗan dako ko mai kura. Akwai la'ada, rabon dillali. Akwai kamasho, wanda ɗan tasha ke cira idan ya cika mota. Akwai gyara, ɗan abin da mai awo ke ƙara maka bayan mudu ya cika. Sannan akwai tukuici, abin da kake ba wanda ya kawo maka alheri don nuna jin daɗi, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. Huɗun farko dole ne, biyun ƙarshe ganin dama ne. Babu mai awon da zai tauye mudu sannan ya cika shi da gyara ya ce ya yi maka alheri, idan ya yi haka sarkin kasuwa zai ji labari. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa a ƙa'idar ijara dole ne lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki, kyauta kuwa babinta daban.

Da wannan ma'auni za mu auna direban manhaja. Kamfani ne ke yanke kuɗin mota, shi ne kuma ke cire kamashonsa daga kowace tafiya. Abin da ya rage daga ciki direba zai sha mai, ya sayi katin intanet, ya yi gyara, ya sallami jami'an hanya, kuma idan motar ba tasa ba ce ya kai wa mai ita balas ko an samu ko ba a samu ba. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. Tafiya ta jaka 2, wato sefa 2,000, kamashon kamfani kashi 20 cikin 100, an cire sefa 400 ke nan. Idan direba ya yi irin wannan tafiya 15 a rana, kamfani ya kwashi sefa 6,000. To a ce fasinjojinmu sun yi kyauta daidai da na Amurka, mutum ɗaya cikin shida, wato mutum biyu ko uku a ranar, kowanne ya ba da sefa 200. Abin da ya taru bai wuce sefa 600 ba. Amma da za a rage kamashon daga kashi 20 zuwa 15, direban zai tsira da sefa 1,500 kowace rana, ba tare da ya jira tausayin kowa ba. Wanda ya iya lissafin riba ya ga inda nauyin yake.

Direbobin da kansu sun san haka. Ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Mu da ke bakin iyaka mun ji zafin abin a wurin 'yan ruwa-ruwa tun kafin mako ya zagayo. A watan Yunin 2023 ƙungiyar direbobin manhaja ta Nijeriya, AUATON, ta tafi yajin aiki, kuma manyan buƙatunta su ne a ƙara kuɗin mota sosai, a kuma rage kamashon kamfanoni da rabi. Tukuici ba ya kan gaba a abin da suka fito nema. A Kenya gwamnati ce ta shiga tsakani a 2022 ta ce kamasho kada ya wuce kashi 18 cikin 100, ya zama dole Uber ya sauko daga kashi 25. A Tanzaniya hukuma ta yanke kashi 15 a wannan shekarar, Uber ya dakatar da aikinsa, sai da aka sassauta dokar ya dawo a 2023. Wannan ya nuna mana cewa a kan kamasho ake fafatawar gaske, har kamfani ya gwammace ya rufe shago da ya sauko. A kan gurbin tukuici kuwa ba ya asarar ko sisi, shi ya sa ba shi da wuyar bayarwa.

To ke nan a yi watsi da gurbin? A'a. Muna ganin ya kamata a buɗe shi, kuma ga dalilanmu.

Na farko, tsabar kuɗi tana janyewa daga hannun mutane. Waɗanda ke cin kasuwar Jibiya da Maigatari ba za su manta da farkon 2023 ba, lokacin da canjin takardun naira ya sa mai miliyoyi a banki ya rasa na shan ruwa, dole kowa ya koyi tura kuɗi ta waya. A ƙasashen sefa ma asusun waya ya zama aljihu na biyu. Muddin fasinja zai biya kuɗin mota ta kati ko ta asusun waya, to hanyar da ya saba yin alheri ta toshe, domin babu canjin da zai ce wa direba ya riƙe. Manhajar da ta ɗauke tsabar kuɗi daga tsakanin mutum biyu, ita ya kamata ta mayar musu da ƙofar kyautar da ta rufe.

Na biyu, akwai aikin da lissafin manhaja ba ya gani. Ita nisa da lokaci take ƙirgawa. Ba ta san direban da ya fito ya taya ka ɗora dila uku na atamfa a bayan mota ba. Ba ta san wanda ya jira ka ka yi sallar la'asar ba, ko wanda ya ga kai baƙo ne ba ka jin Yarbanci ko Faransanci ya tsaya ya yi maka tafinta a bakin sito, ko wanda ya dawo maka da jakar da ka manta da takardun kayanka a ciki. Fatake sun fi kowa cin moriyar irin wannan hali, domin kullum da kaya muke tafe, a garin da ba namu ba. Mutumin da ya yi maka haka ya cancanci fiye da taurari biyar a waya, waɗanda ba sa sayen ko kofin gari.

Na uku, gurbin yana raba kyauta da tilas. Kowa ya san rigimar canji a ƙasashen sefa, inda za ka miƙa jaka guda a kan abin sefa 800 a ce maka babu canji, ka tafi kana ƙunƙuni. Wannan ba tukuici ba ne, tunda ba da son ranka ka bari ba. Idan kuɗin mota ya fita daidai ta waya, abin da ka ƙara daga baya da niyyarka ka ƙara shi, kuma ladanka yana nan.

Sai dai goyon bayanmu yana da sharuɗɗa, kuma idan babu su, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sharaɗi na farko shi ne duk abin da fasinja ya bayar ya isa hannun direba cif, babu kamasho a kai, babu wani kuɗin hidima. Manyan kamfanonin suna cewa haka suke yi, amma labarin DoorDash da Amazon ya koya mana cewa faɗa da baki ba ta wadatar ba. A rubuta shi cikin dokar da ta ba su lasisi. Birtaniya ta yi irin wannan doka a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga watan Oktoban 2024, inda ta haramta wa mai ɗaukar ma'aikata riƙe wani abu daga tukuicinsu. Hukumomin sufuri na ƙasashenmu ba sa buƙatar ƙirƙiro sabon abu.

Na biyu, kada a lissafa tukuici cikin ladan direba ta kowace fuska. Kada a rage kuɗin kilomita saboda an ga fasinjoji suna bayarwa, kada a sa shi cikin alkawarin garaɓasar da ake yi wa direba idan ya cika tafiya kaza. Amurka ta nuna mana ƙarshen wannan hanya a gidajen abincinta. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dalar Amurka 2.13 a awa, adadin da bai canza ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin lada ga sauran ma'aikata 7.25 ne. Da zarar an saba da haka, mai saye ne ke biyan albashin da ya rataya a wuyan mai gida, kuma kyauta ta zama haraji.

Na uku, a nuna wa fasinja gurbin bayan ya sauka, kuma kada direba ya san mai bayarwa da marar bayarwa kafin ya karɓi kira. Nan ne tsoron da Uber ya bayyana a 2016 yake da gaskiya. Idan direba zai iya gane mai kyauta tun daga nesa, to tsohuwar da za ta asibiti daga bayan gari za ta kwana tana jiran mota, yayin da motoci biyar ke layi a ƙofar otal. Haka kuma kada direba ya samu damar rage wa fasinja taurari don bai ba shi komai ba.

Na huɗu, kowane ɓangare ya ga lissafi a fili. Takardar da ke zuwa wa fasinja ta nuna kuɗin mota daban, kamasho daban, tukuici daban, direba ma ya ga haka a tasa wayar. Ɗan aiken DoorDash bai gane ana cin guminsa ba sai da aka kwatanta abin da mai saye ya biya da abin da shi ya karɓa. Dillalin da ya ƙi haɗa mai kaya da mai saye ido da ido, mun san abin da yake ɓoyewa.

Na biyar ya shafi gwamnatoci. Ƙaramar kyauta ba ta jure yanka. Ghana ta sa harajin kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya a watan Mayun 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a 2023, sannan ta soke shi a 2025 bayan jama'a sun yi ta ƙorafi. Kamaru ta sa nata na kashi 0.2 cikin 100 a farkon 2022. Ga kuma abin da kamfanin waya ke cira idan za a fitar da kuɗi. Idan sefa 200 za ta bi ta hannu uku kafin ta zama tsaba a tafin direba, to mai bayarwa zai gwammace ya fasa.

Wani hanzari ba gudu ba, kada mu ɗora wa kamfanoni da hukuma komai mu manta da kanmu. A biranen Afirka ta Yamma har yanzu fasinjoji da yawa da tsabar kuɗi suke biya, kuma ga wanda ya biya haka, hanya mafi kusa ita ce ta kakanninmu, daga hannunka zuwa hannun direba, babu mai tsayawa a tsakani. Gurbin waya na wanda ba shi da tsaba ne. Sannan mu ji tsoron Allah wajen ciniki a manhajar da ke ba da damar tayi. Mun san halinmu, ba ma son a ce an fi mu iya ciniki. Amma wanda ya matse direba har ya karɓi abin da bai kai kuɗin mai ba, saboda ya ga yaron ba shi da zaɓi, sannan ya miƙa masa dala ashirin a ƙarshe yana jiran godiya, ya yi abin da muke zargin kamfanoni da shi. A fara biyan haƙƙi cikakke, kyauta ta biyo baya.

Ga 'yan'uwanmu masu tuƙi kuma, shawararmu ita ce su karɓi gurbin idan an buɗe, su gode, amma kada su bari a saye bakinsu da shi. Ranar da wakilin kamfani ya zo taro ya ce an kawo musu sabuwar hanyar ƙarin samu, su tambaye shi nawa ne kamasho a bana, nawa ne kuɗin kilomita idan aka kwatanta da farashin lita, kuma wa zai saurari direban da aka rufe wa asusu ba tare da an ji ta bakinsa ba. A birnin New York abin da ya ɗaga samun direbobi a zahiri shi ne dokar da ta fara aiki a watan Fabrairun 2019, wadda ta yanke musu mafi ƙarancin dalar Amurka 17.22 a awa bayan an cire ɗawainiyar mota. Ba da latsa waya aka same ta ba, sai da suka haɗa kai suka yi ta zarya a gaban hukuma.

Waɗannan manhajoji ba su gama yaɗuwa ba. Abin da ya fara a Legas da Abijan yana gangarowa zuwa ƙananan birane, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana ɗan kabu-kabun Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya koma jiran kira ta waya. Gara ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su san abin da za su nema tun kafin a zo musu da takarda a ce su sa hannu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A buɗe gurbin tukuici, a tsare shi da doka, a kuma ci gaba da neman a rage kamasho. Allah Ya ba kowa halalinsa, Ya kai matafiya gida lafiya.